Wai zazzaɓi ne ke fitowa a baki, ko wani ciwo ne daban?

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah shawara nake nema. Tunda hunturun nan ya shigo bakina bai huta ba. Wani ƙurji ne ke fito min ta cikin leɓen ƙasa, tsakiyarsa fari, gefensa ja, ko ruwan shayi ya taɓa shi sai na ji har cikin kaina. Wannan na warkewa wani zai fito a gefen harshe. Shi kuma maigidan nasa a waje yake, a bakin leɓen sama, wasu ƙananan ƙuraje masu ruwa, sun fashe sun yi ɓawo. Surukata ta ce ni na shafa masa, har an ware min kofi. Ciwo ɗaya ne? Kuma me ake yi masa?

Alhaji Sabo Tudun Wada: Wa alaikumus salam. 'Yata, wannan ai ba abin tayar da hankali ba ne. Zazzaɓi ne ya fito. Mu da muna yara idan iyayenmu suka ga leɓe ya yi haka sai su ce alhamdu lillahi, ciwo ya sami hanyar fita. Ku sha maganin maleriya ku biyun, shi ke nan.

Hajiya Lami: Na ciki zafin ciki ne, Maman Ilham. Ki dafa bagaruwa ki riƙa kuskure baki da ruwan safe da yamma, sannan ki daka alimun ki ɗan dangwala a kan ƙurjin. Zai yi zafi amma zai kame.

Bashir Rigasa: Ni kafso nake buɗewa in barbaɗa garin a wurin. Ampiclox ko wancan ja da rawayan.

Sista Rabi: Ku dakata tukuna don Allah, kafin a haɗa wa baiwar Allah magani uku a baki ɗaya. Maman Ilham, yadda kika kwatanta, ciwo biyu ne a gidanku, kuma ba ke kika shafa masa ba. Naki gyambon baki ne, irin wanda ke fitowa a fata mai laushi ta ciki, wato cikin leɓe, cikin kunci, gefen harshe ko ƙarƙashinsa. Ba ƙwayar cuta ke kawo shi ba, don haka ba a ɗaukarsa. Ko cokali ɗaya kuka ci da shi babu wanda zai kamu. Yawanci cikin kwana 7 zuwa 14 yake warkewa da kansa, ba ya barin tabo.

Na maigidanki shi ne mai yaɗuwa. Wata ƙwayar bairos ce da ake kira HSV-1. Yakan fara da ɗan ƙaiƙayi ko tsikari a leɓe, washegari ƙuraje masu ruwa su taru wuri ɗaya, su fashe, su yi ɓawo, cikin kamar kwana 10 wurin ya koma daidai. Idan kofi za a ware, nasa za a ware, da tawul da cokali, har wurin ya warke sarai.

Maman Ilham: Ikon Allah. To Sista shi a ina ya samo?

Ummu Sudais: Nima tambayar da ke raina ke nan. Na taɓa jin an ce dangin ciwon sanyi ne. Wata maƙociyarmu har yaji ta yi a kan wannan maganar.

Sista Rabi: Ummu Sudais, wannan zargin ya cutar da gidaje ba gaira ba dalili. Akasarin masu ɗauke da ƙwayar tun suna yara suka same ta, daga sumbar uwa ko goggo, ko shan ruwa a moɗa ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum biliyan 3.8 'yan ƙasa da shekara 50 na ɗauke da ita, kusan kashi 64 cikin 100 ke nan. Da yawansu ba su ma sani ba, don ba ta taɓa fito musu ba. Idan ta shiga jiki ba ta fita, takan je ta kwanta a wata jijiya ta fuska, shekara da shekaru. Mutum zai iya ɗaukarta yana goye, ta fara fito masa bayan ya yi aure. Abin da ke gaskiya a maganar shi ne, baki mai ƙurajen nan zai iya kai ƙwayar ga al'aurar abokin zama, don haka ma'aurata su haƙura da sumba da makamancinta har ya warke. Amma fitowarsa a leɓe ba shaidar komai ba ce a kan mutuncin kowa.

Alhaji Sabo Tudun Wada: Sista, ban ƙi ta taki ba, amma abin da ido ya gani fa? Ni duk lokacin da na kwanta zazzaɓi mai zafi, ina samun sauƙi sai leɓe ya fashe. Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Kin ce duk magabatanmu ba su san abin da suke faɗa ba?

Nura Famasis: Baba Alhaji, sun ga daidai, fassarar ce aka ɗan karkata. Zazzaɓin ne ke tayar da ƙwayar daga inda take kwance, shi ya sa kuke ganinsu tare. Maleriya na yin haka, mura na yi, taifot na yi, haka zafin rana, rashin barci, damuwa, al'adar mata, da wannan iskar hunturu da ke tsaga leɓe. Inda nake jin tsoro shi ne a ce fitowar ƙurajen alamar warkewa ce. Na sha ganin wanda ya ajiye maganin maleriya a rana ta biyu wai ciwo ya fito, bayan mako ya dawo jiki ya fi na da. Sannan akwai masu zuwa su ce a ba su maganin maleriya don kawai leɓe ya yi ƙuraje, ba zazzaɓi ba ciwon kai. Gwajin maleriyar nan na ɗan yatsa minti 15 zuwa 20 ne. A yi shi tukuna.

Alhaji Sabo Tudun Wada: To, na ji wannan. Amma dai ni ban taɓa shafa masa komai ba sai man kaɗe, kuma yana tafiya.

Nura Famasis: Man kaɗe ko basilin ba laifi, Baba, suna hana ɓawon tsagewa ya yi jini. Sai dai a ɗebo da auduga, kada a mayar da yatsa cikin kwalbar da yara ke shafawa.

Malam Bashir, kai kuma don Allah ka bar buɗe kafso. Antibayotik ba ya taɓa bairos ko kaɗan, gyambon cikin baki kuma ba bakteriya ke kawo shi ba. Ja da rawayan nan, wato Tetracycline, idan ana ba yaro ɗan ƙasa da shekara 8 yana ɓata masa launin haƙora har abada, mai ciki ma ba a ba ta. Ga kuma matsalar da muke ciki ta magunguna sun daina ji saboda yawan shansu barkatai.

Na leɓe yana da magani nasa, a jikin kwalin za ku ga an rubuta Aciclovir, na shafawa. Sau 5 a rana, kwana 5. Amma sai an fara shi tun lokacin tsikarin nan, kafin ƙurajen su fito. Idan ya riga ya yi ɓawo kuɗinka kawai ka kashe.

Hajiya Lami: Ni dai ba wanda ya ce komai a kan bagaruwa. Ko ita ma an soke ta? Kakata da ita ta raine mu, kuma haƙoranta garau ta rasu.

Dakta Hauwa: Sannunku da tattaunawa, yanzu na fito daga aiki na tarar da saƙonni. Hajiya, bari in fara da ke. Bagaruwa tana da ɗaurin nan da ke sa fata ta ɗan tsuke, shi ya sa ake jin sauƙi. Idan ruwan bai yi kauri ba, kuskurewa aka yi aka zubar, ba ni da faɗa da ita. Alimun ne ba na so a ɗora kai tsaye. Zafin da ake ji ƙuna ce, kamewar kuma fatar ce ta mutu. Irinsa ne ɗora ƙwayar asfirin a kan ƙurji, da man kanumfari tsantsa, da kanwa. Ina ganin bakunan da aka yi wa haka, ƙurji kamar ƙwayar gero ya koma farin tabo mai faɗin farce, maimakon mako ɗaya ya ɗauki uku.

Abin da nake gaya wa masu zuwa wurina mai sauƙi ne. Rabin ƙaramin cokali na gishiri a kofin ruwan ɗumi, a kuskure a zubar, sau 3 ko 4 a rana. Idan ana da hali a sayi ruwan wanke baki mai Chlorhexidine, yana hana wurin ruɓewa, amma kada a wuce mako 2 don yana sa haƙori duhu. Farasitamol idan zafin ya hana ci. A ɗan jingine yaji, attaruhu, tsire, kilishi, abarba, lemun tsami, zoɓo mai tsami da shayi mai tururi. Kunu, koko da ya huce, fura da nono, faten dankali, waɗannan baki na karɓarsu. A sami buroshi mai laushi. Zuma ma tana sanyaya wurin, amma ba a ba jaririn da bai kai shekara 1 ba.

Malam Nura, zan ɗan saɓa maka a kan na shafawar nan. Yana aiki, amma kada mutane su sa rai da yawa. Ko an fara a kan kari abin da yake ragewa bai fi kamar kwana ɗaya ba. Wanda abin ke dawo masa a kai a kai, ko yake yi masa yawa, ƙwayar maganin da ake sha ta fi masa, kuma wannan likita ne zai rubuta, don sai an yi la'akari da lafiyar ƙodar mutum.

Nura Famasis: Haka ne Likita. Sai dai wanda zai tsaya gaban ɗalibai ko amarya da biki ya matso, kwana ɗayan ma wani abu ne a wurinsu. Abin da na fi so ki ja kunne a kai shi ne mayukan nan masu haɗi uku da ake shafa wa kowane ƙurji.

Dakta Hauwa: Ƙwarai kuwa, kuma nan ne rarrabe ciwon biyu ke da amfani. Akwai wani man sitiroyid da mukan rubuta wa mai gyambon cikin baki idan ya yi tsanani, yana manne wa wurin ya kwantar da kumburi. Wannan maganin dai idan aka shafa shi a kan ƙurajen HSV sai ya danne garkuwar wurin, ƙwayar ta samu sarari ta bazu. Mayukan haɗi uku da wasu na bilicin duk akwai sitiroyid a ciki. Don haka kada wanda aka rubuta wa magani ya miƙa wa ɗan uwansa ragowar don ya ga shi ma bakinsa na ciwo.

Maman Ilham, naki da yake wani na bin wani, ba gishiri kaɗai zan bar ki da shi ba. Goyo kike yi?

Maman Ilham: Eh Likita, ina shayarwa, kuma gaskiya barci sai a hankali. Ina yawan jin jiri ma idan na miƙe.

Dakta Hauwa: To ki je a auna jininki. Ƙarancin sinadarin ƙarfe, folik asid ko bitamin B12 na daga cikin abubuwan da ke sa gyambon baki ya riƙa dawowa, kuma mai jego da mai yawan zubar jinin al'ada su suka fi faɗawa ciki. Rashin barci da damuwa na ƙara masa. Hanta, kifi, ƙwai, wake, zogale, alayyafo, ki riƙa samun abin da ya sawwaƙa. Ki raba shayi da abinci da kamar awa ɗaya, don ganyen shayi na hana jiki tsotsar ƙarfen. Masu ciwon suga da suka daɗe suna shan Metformin su ma B12 ɗinsu kan yi ƙasa, su sani.

Ki duba makilin ɗinki kuma. Mai yawan kumfa yakan zo da wani sinadari da ake rubutawa SLS, wasu mutane idan suka canza zuwa wanda ba shi da shi sai abin ya ragu. Ba kowa ba, amma gwadawa ba ta da tsada.

Ummu Sudais: Likita, yayata ta haihu, suna ranar Asabar a Badarawa, ni kuma ga leɓena ya fara wannan ƙaiƙayin tun jiya. In je ko in zauna?

Sista Rabi: Bari in riga Likita, don wannan a ɗakin jarirai na gan shi da idona. Ki je ki yi barka, amma kada bakinki ya kusanci jaririn, ko a goshi ko a hannu, don hannun baki yake kai shi. Ki wanke hannu da sabulu kafin ki karɓe shi, in ma da hali ki bar ɗaukar sai kin warke. Abin da yake ɗan ƙurji a wurin babba, a jikin jaririn da bai wuce mako 6 ba yana iya shiga jini, ya taɓa hanta da ƙwaƙwalwa, ya yi kisa ko ya bar nakasa. Kuma ba dole a ga ƙuraje a jikinsa ba. Jariri ya ƙi nono, ya yi laushi, yana ta barci ba ya tashi, jiki ya yi zafi ko ya yi sanyi ƙalau, a kwashe shi zuwa asibiti a daren, ba a jira gari ya waye.

Ranar suna kun san yadda ake yi, jariri na yawo daga cinya zuwa cinya, kowa na sumbata. Uwa ba ta iya hana surukai. Shi ya sa mai ƙurajen ne ya kamata ya hana kansa.

Malam Auwal: Sista, ya batun tauna dabino a sa wa jariri a baki? Sunna ce tabbatacciya, kada a fahimci kamar ana hana ta.

Sista Rabi: Allah ya gafarta Malam, ba hanawa nake yi ba, ba ma hurumina ba ne. Roƙona kawai wanda ke da ƙurji a leɓe, ko yake jin alamarsa, ko yake mura, ya bar wa wani ya yi. Haka masu tauna wa yaro abinci su ba shi.

Malam Auwal: Wannan ba saɓani a ciki. Addini bai yarda a cutar da kowa ba, balle jinjiri. Zan ma faɗa wa ɗalibai mata a islamiyya.

Ummu Sudais: To idan ita mai jegon ce ke da shi fa, ta daina ba da nono?

Sista Rabi: A'a, ta ci gaba da shayarwa. Ta wanke hannu, ta sa takunkumi, ta daina sumba. Sai idan ƙurajen a kan nonon suka fito, sannan ta dakatar da wannan ɓangaren ta ga likita.

Dakta Hauwa: In ƙara da ido. Mutum ya sosa leɓe ya murza ido, ƙwayar na iya kama baƙin idon, kuma tana makantarwa. Ido ya yi ja, yana hawaye, ba ya son haske alhali akwai ƙurajen leɓe, kada a ɗiga komai daga kemis, musamman mai sitiroyid. Mu a Kaduna Allah ya hutar da mu, ga asibitin ido na ƙasa nan a hanyar Mando.

Yara kuma, karon farko da ƙwayar ta shige su wani lokaci ba a leɓe take tsayawa ba. Zazzaɓi ne mai zafi, dasashi ya kumbura ya yi ja, baki ya cika da ƙuraje, yawu na dalala, yaro ya ƙi ci ya ƙi sha. Iyaye sukan ce haƙori ne. Haɗarin a nan bushewar jiki ce. A riƙa ba shi ruwa mai sanyi ko ruwan gishiri da suga kaɗan-kaɗan da cokali, idan fitsari ya ɗauke a tafi asibiti. Kada a shafa wa yaro ɗan ƙasa da shekara 16 Bonjela na manya, dangin asfirin ne a ciki. Idan kuma yaro ramamme ne, ko bai daɗe da tashi daga ƙyanda ba, dasashi na jini, baki na wari, kunci ya fara kumbura, wannan ba na jira ba ne ko na kwana ɗaya. Cutar da likitoci ke kira Noma da haka take farawa, cikin 'yan kwanaki take cin fuska, har asibiti guda aka ware mata a Sakkwato. Da wuri antibayotik na tsayar da ita, kuma a nan ne yake da aiki.

Bashir Rigasa: Likita, tunda ana maganar, mahaifinmu yana da wani a gefen harshe tun kafin hunturu. Bai cika yi masa zafi ba shi ya sa ba mu damu ba. Na ba shi kafso, an sa zuma, an sa shuɗin maganin nan, yana nan. Gefensa kamar ya yi tauri.

Dakta Hauwa: Malam Bashir, shekararsa nawa? Yana shan taba ko yana sa garin taba a baki?

Bashir Rigasa: Ya haura 60. Sigari ya bari da daɗewa, amma garin taba har yanzu yana matsawa a leɓe.

Dakta Hauwa: To ka kai shi a cikin makon nan, kada ka bari ya shiga wani. Duk gyambon baki da ya wuce mako 3 bai warke ba dole a duba shi, ko da zafi ko babu. Rashin zafin ma shi ya fi damuna, tare da taurin da ka faɗa da tarihin taba. Ban ce ciwon daji ba ne, don ban gani ba. Sau da yawa karyayyen haƙori ne ke gogar harshe, a gyara shi wurin ya warke cikin mako 2. Wani lokaci alamar wata cuta ce a jiki, kamar suga ko raunin garkuwa. Amma dajin baki ma haka yake farawa, kuma wanda aka kama da wuri da wanda aka kawo bayan ya sauka wuya ba magani ɗaya ake musu ba, ba kuma sakamako ɗaya ba.

Hajiya Lami: Ni abin da nake ji, an ce idan aka yanki naman don gwaji shi ke sa ciwon ya haukace. Shi ya sa mutane ke gudu.

Dakta Hauwa: Hajiya, na san ana faɗa, kuma wannan tsoron ya jawo mana asarar mutane. Ɗan abin da ake ɗiba kaɗan ne, an kashe zafin wurin, kuma ba shi ke yaɗa ciwo ba. Abin da ke faruwa shi ne ana zuwa a makare, ciwon ya riga ya yi nisa, sai a ɗora wa gwajin laifi. Ba tare da shi ba likita ba zai san da me yake faɗa ba.

Bashir Rigasa: Ina za mu nufa? Kuma tsohon ba ya son asibiti ko kaɗan.

Alhaji Sabo Tudun Wada: Bashir, kada ka ce masa daji, kada ka ce yanka. Ka ce haƙori za a duba. Ka nemi amininsa ko limamin unguwa ya yi masa magana, mu tsofaffi mun fi jin ta sa'anninmu.

Dakta Hauwa: Ku fara da sashen haƙori na asibitin koyarwa na Barau Dikko, ko duk asibitin gwamnati da ke da likitan haƙori kusa da ku. Idan suka ga da buƙata za su tura ku asibitin koyarwa na ABU da ke Shika, Zariya, can akwai masu tiyatar baki da muƙamuƙi. Ku fita da sassafe saboda layin kati. Daga yau a daina sa masa shuɗin maganin, yana rufe launin wurin likita ya kasa gani da kyau. Ka shafa wuyansa ƙarƙashin haɓa ka ji ko akwai ƙulli, ka faɗa musu. Duk magungunan da yake sha, har na gargajiya, ka zuba a leda ku tafi da su.

Bashir Rigasa: In sha Allahu ranar Litinin. Yau da daddare zan je wurin limamin.